Tambayi Bakanike: Motar Hannu Da Sanyin Ƙanƙara

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya. Yawancinsu daga 'yan'uwanmu ne mazauna ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka, kuma kusan kowa motar hannu yake ja. Na haura shekara 20 ina gyaran mota a irin wannan yanayi, kuma duk shekara abu ɗaya nake gani. Ranar da sanyin farko ya sauka da ƙarfi, kafin hantsi harabar gareji ta cika da motocin da aka jawo. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka sami wadda sanyin ya ɓata wa lafiyayyen abu. Batir ne da ya daɗe da gajiya, ko tiyo da ya riga ya tsattsage, ko taya da zanenta ya suɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga amsoshin da fili ya ɗauka.

Tambaya: Baba, motata shekararta 11, a hannu na saye ta lokacin zafi. Duk watannin nan ki ɗaya take tashi. Shekaranjiya da asuba sanyi ya kai digiri 6 ƙasa da sifili, na murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas kawai nake ji. Maƙwabcina ya ja mini wuta daga motarsa ta tashi. In sayi sabon batir ne, ko in ci gaba da lallaɓawa? Ni ɗalibi ne, kuɗina a ƙirge suke.

Amsa: Ɗana, na fahimci halin da kake ciki, don haka kada ka sayi komai sai an auna. Wutar batir daga aikin ruwan asid da dalma take fitowa, sanyi kuwa yana rage saurin wannan aiki. In sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, ko lafiyayyen batir yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. A daidai wannan lokaci bakin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Ka ga buƙata ta ƙaru, ƙarfi ya ragu. Sabon batir yana da rarar da zai cike giɓin. Wanda ya ci shekara 4 ko 5 ba shi da ita. Mutane da yawa ba su san cewa zafi ne ya fi cin batir ba. Lokacin zafi yake lalacewa a ɓoye, hunturu ya zo ya tona asiri.

Ka nemi 'yar mitar awon wuta. Bayan motar ta kwana a kashe, ka ɗora wayoyin mitar a kan batir. In ka ga bolt 12.6, a cike yake. In 12.2 ne, rabi ya tafi. In 12.0 ne ko ƙasa da haka, ya kusa ƙarewa. Sai ka tayar da inji ka sake aunawa. Ya kamata ka ga tsakanin 13.7 da 14.7. In bai kai haka ba, laifin na alteneta ne, wato na'urar da ke cajin batir, ko bel ɗin da ke juya ta, kuma ko ka sa sabon batir bayan 'yan kwanaki zai sauka. Na sha ganin wanda ya sayi batir biyu a hunturu ɗaya, alhali bel ne kawai ya yi sako-sako.

Ka duba kan batir ɗin ma. In ka ga wani farin gari ko mai shuɗi-shuɗi ya taru, ko kan yana motsi in ka murɗa da hannu, wannan kaɗai ya isa ya hana mota tashi. Ka fara cire baƙar waya, sannan ja, ka goge da burushin ƙarfe, ka mayar da ja, baƙa ta zama ta ƙarshe, ka ɗaure tamau.

In duk wannan lafiya, ka kai gareji a yi masa gwajin ɗaukar nauyi, domin batir yana iya nuna 12.5 amma ya durƙushe da zarar sitata ta ja wuta. In ya faɗi wannan gwaji, ka saya, kada ka jira. Ka lura da lambar CCA da ke jikinsa. Ita ce yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Kada ka sayi wanda lambarsa ta gaza abin da littafin motarka ya ce.

Tunda an ja maka wuta sau ɗaya, bari in faɗa maka tsarin, don ana jin ciwo a nan. Jar waya a kan alamar tarawa ta mataccen batir, ɗaya bakin jar a kan alamar tarawa ta mai rai. Baƙa a kan alamar ɗebewa ta mai rai, ɗaya bakin baƙar kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta da tartsatsi. In ka ga batir ya kumbura ko ruwansa ya daskare, kada ka kuskura ka ja masa wuta, yana iya fashewa. Cikakken batir ba ya daskarewa a sanyin da aka saba gani, amma wanda wutarsa ta ƙare yana daskarewa tun a wajen digiri 10 ƙasa da sifili.

Tambaya: Malam, ruwan lagireton motarmu yakan ragu, sai maigidana ya riƙa ƙara ruwan famfo. Ya yi haka ya kai sau biyar tun bara. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai matsala?

Amsa: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma matsalar biyu ce. Ta farko, ruwan lagireto a rufe yake zagayawa, bai kamata ya riƙa raguwa ba. In yana raguwa, akwai inda yake bi: tiyo, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto, ko kuma gaskit ɗin kan inji, wanda shi ne mafi tsada. A kai a matsa masa iska da na'urar gwaji, cikin minti kaɗan wurin yoyon zai nuna kansa.

Ta biyu ita ce ta fi gaggawa. Abin da ke cikin lagireto haɗi ne na ruwa da maganin hana daskarewa. In an haɗa su rabi da rabi, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Duk lokacin da maigida ya ƙara ruwan famfo, ya ƙara tsinka maganin. Ruwa kuwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ƙarfen inji ba ya iya riƙe shi. Akwai wani dattijo da aka jawo mini motarsa wata safiya, mutumin kirki, sabon zuwa daga ƙasar zafi, ya saba da zuba ruwa zalla tun yana saurayi. Da na haska fitila sai na ga jikin injin ya dare kamar tukunyar ƙasa, ƙanƙara ta leƙo ta tsagar. Motar da ya tara kuɗinta shekara biyu, dare ɗaya ya gama da ita. Har yau ina tuna yadda ya tsaya shiru yana kallonta.

Don haka a wannan makon a auna ƙarfin ruwan, akwai 'yar na'ura mai tsotsa da ake yi da ita. Shawarata ma a juye shi gaba ɗaya a zuba sabo. Kada a ce tunda maganin ne ke kariya bari a zuba shi zalla. Shi kaɗai yana daskarewa tun a wajen digiri 13 ƙasa da sifili, sai an haɗa shi da ruwa yake aiki. Kada kuma a zaɓa da launi. Kore ko ja ko ruwan hoda rini ne kawai, kamfanoni ba su haɗu a kan launi ɗaya ba. Lambar da ke cikin littafin mota za a bi, don wasu nau'o'in in an cakuɗa su sukan yi dunƙule su toshe hanya. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Sannan, Hajiya, in akwai yara a gidan, a ɓoye galan ɗin nesa. Maganin yana da ɗan zaƙi a baki, kuma guba ne mai kashe ƙoda. In ya zube a ƙasa a goge nan take, ko kyanwa ta lasa sai ta mutu.

Tambaya: Minti nawa ya kamata in bar mota tana ɗumi da safe kafin in tafi? Ni nakan ba ta minti 15 a cikin gareji a rufe saboda sanyi.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah daga yau ka daina tayar da mota a rufaffen gareji, ko na minti ɗaya. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum yakan ji kansa ya yi nauyi, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Tana kuma bin ƙofa ta shiga cikin gida inda iyali ke kwance. Wannan maganar rai ce, ta fi ƙarfin maganar inji.

Game da ɗumin kuwa, dogon jiran nan gadon zamanin kafireta ne. Motar yau kwamfuta ke auna mata mai. Daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya sun isa bakin mai ya zagaya. Ka share gilasai, ka ja a hankali, kada ka danna totur da ƙarfi sai allurar zafi ta fara hawa. A tafe inji ya fi saurin ɗumi.

Tunda mun taɓo wannan iska, in dusar ƙanƙara ta taɓa tsare ka a hanya, ka zauna cikin mota, amma kafin ka kunna inji don jin ɗumi ka fita ka tone bakin salansa. In ya toshe, hayaƙin ciki zai dawo. Ka kunna na kamar minti 10 a kowace awa, ka ɗan sauke gilashi kaɗan. Shi ya sa nake cewa a hunturu kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, kuma but kada ya rabu da bargo, ƙaramin shebur, tocila, safar hannu da wayoyin jan wuta.

Tambaya: Oga, mai sayar da taya ya ce lallai in sayi tayoyin hunturu guda huɗu. Motata mai ja da ƙafa huɗu ce, ina ganin ba na buƙata. In ma dole ne, biyu a gaba ba su isa ba?

Amsa: Ƙanena, a wannan karon mai tayar ya fi ka gaskiya. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi daga tsaye, ta hau tudu. In an zo tsayawa kuwa, kowace mota birki huɗu gare ta, ba bambanci da mai ja da ƙafa biyu. Yawancin motocin da nake gani a cikin kwalbati ranar dusar farko manya ne masu ja da ƙafa huɗu, domin yadda suke tashi ba gardama yakan sa direba ya ɗauka hanya ba santsi, sai ya zo kwana ya gane.

Duk nauyin motarka a kan wurare huɗu yake, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Robar tayar bazara takan fara taurarewa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, ko da hanya a bushe take. Ta hunturu an haɗa robarta ta zauna da laushi, an kuma yi mata ƙananan tsaga masu yawa da ke cizon ƙanƙara. Ka nemi alamar dutse mai kai uku da furen dusar ƙanƙara a cikinsa a gefen tayar. Ita ce shaidar an gwada tayar a kan dusa. Haruffan M+S kaɗai ba sa nuna an yi wannan gwaji.

Maganar biyu a gaba kuwa, ita ce mafi haɗari a duk zaɓin. Gaba zai kama ƙasa, baya ya sulale, a kwana motar ta juya da kai ka koma kallon inda ka fito. In gaba ne ya zame, direba yakan iya sassauta totur ya gyara. In baya ya zame, sai gwani, gwanin ma ba kullum ba. Huɗu za ka sa. Ko a tayoyin yau da kullum, in biyu kawai ka iya saya, sababbin a baya ake sa su.

Ka kuma binciki dokar inda kake. A lardin Kwebek na Kanada wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Suwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris in hanya tana cikin yanayin hunturu. A Jamus ba a ɗaure abin da kwanan wata ba, duk ranar da akwai dusa ko ƙanƙara a hanya dole ne, kuma tun Oktoban 2024 tayar da ke da alamar dutsen nan kaɗai ake karɓa.

In tayoyin hannu za ka saya, abu biyu za ka duba. Zurfin zane: doka a yawancin Turai milimita 1.6 ce, amma a dusa duk abin da ya gaza milimita 4 ya fara zama ado. Sai shekaru. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Ni ba na sa wa mutum tayar hunturu da ta haura shekara 6, wadda ta kai 10 kuwa ko safaya ba ta cancanta ba.

Iska ma tana sauka da sanyi, kusan PSI 1, wato ma'aunin iskar taya, a duk faɗuwar digiri 5 zuwa 6. Ka auna sau ɗaya a wata da safe kafin ka yi tafiya, ka bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba. Wanda ke rubuce a jikin taya iyaka ce ta ƙarshe, ba shi ake bi ba.

Da taya mai kyau ma sai an sauya tuƙi. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce a kan ƙanƙara nisan tsayawa yana iya ninka na busasshiyar hanya sau 10. Ka bar tazara mai yawa. Gada takan daskare kafin sauran titi saboda iska na bin ta sama da ƙasa. In ka taka birki ka ji yana kakkarwa a ƙafarka, ABS ne ke aiki, wato na'urar da ke hana taya kullewa, kada ka ɗaga, ka danne ka ci gaba da juya sitiyari. Ranar da aka yi ruwan sama mai daskarewa kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambaya: Baba, na sayi mota mai kilomita 148,000. Babu takardar sabis ko ɗaya, amma mai ita ya rantse an yi komai. Ni mace ce, ban san kan mota ba, kuma ina tsoron a cuce ni a gareji. Daga ina zan fara?

Amsa: 'Yata, wannan tambayar ce na fi so a cikin duka, kuma rashin sanin kan mota ba abin kunya ba ne, kowa koya ya yi. Ba na cewa mai motar ƙarya ya yi, wataƙila iya saninsa ya faɗa. Amma duk abin da ba a rubuce yake ba, ki ɗauka ba a yi ba. Daga yau tarihin motar ya fara.

Ki fara neman littafin motar. In babu a ciki, ana samun shi a intanet da sunan motar da shekararta. A ciki akwai jadawalin abin da ake canzawa da lokacinsa. Wannan littafi shi ne garkuwarki a gareji. In bakanike ya ce a canza kaza, ki buɗe ki gani.

Na farko, juyen bakin mai da filta. Ki lura da lambar da littafin ya ce, misali 5W-30. Lambar da ke kafin W tana nuna yadda man ke gudu a sanyi, ƙarama ta fi. Ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 20W kuwa a 15 kawai, duk ƙasa da sifili. Kada ki yarda a zuba miki mai kauri wai don injin ya tsufa. A safiyar sanyi mai kauri yakan daɗe bai kai saman inji ba, kuma a waɗannan daƙiƙun ƙarfe ke cin ƙarfe. In tafiye-tafiyenki gajeru ne, ki riƙa juye da wuri. Injin da ba ya yin zafi sosai yakan tara raɓa a cikin mai, har ki ga wani abu fari-fari mai yauƙi a ƙarƙashin murfi. Doguwar tafiya ta minti 30 sau ɗaya a mako takan kore shi. In kuma yana dawowa kuma ruwan lagireto na raguwa, a duba gaskit.

Na biyu, kuma a nan nake so ki tsaya da kyau, ki tambaya ko injinki da tayimin bel yake aiki ko da sarƙa. In bel ne, yawancin kamfanoni suna cewa a canza tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko bayan wasu shekaru ko da ba a kai wannan nisa ba. Motarki ta kusa ƙarshen wannan zango. Wannan bel shi ke daidaita hawa da saukar fistin da buɗewar bawul. A injina da yawa, in ya tsinke ana tafiya, fistin ya daki bawul, aikin da zai ɗauki rabin yini ya koma sauke kan inji gaba ɗaya. Ba ya gargaɗi, ba ya ƙara. Akwai wani matashi mai aikin kai kaya da na gaya wa haka a watan Oktoba, ya ce in bari sai ya karɓi kuɗin ƙarshen shekara. A Janairu ya tsinke masa a babbar hanya da dare. Na yi baƙin ciki da ban matsa masa fiye da yadda na yi ba, shi ya sa nake matsa miki. In za a canza, a haɗa da famfon ruwa da tayoyin da ke ɗame bel ɗin in a wuri ɗaya suke, tunda buɗewa ɗaya ce.

Na uku, man birki. Yana tsotsar damshi daga iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155, sai a doguwar gangara birki ya yi laushi a ƙafa. Duk shekara 2 ake canza shi, kuma shi ne aka fi mantawa. A duba kaurin takalmin birki a lokaci guda.

Sauran ƙanana ne: filtar iska, filtar cikin ɗaki, fulogi, fambel, man giya in lokacinsa ya yi. Ki kuma lura da allurar zafi. Bayan tafiyar minti 10 zuwa 15 ya kamata ta kai tsakiya, wajen digiri 90, ta tsaya. In ba ta hawa, kuma hita iska mai sanyi take hurawa, tamostat ne, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya maƙale a buɗe, ko wani ya cire shi gaba ɗaya. Injin da ke aiki a sanyaye yana shan mai kuma yana saurin tsufa.

In fitilar inji ta kama a dashbod ta tsaya, ki kai a sa kwamfuta cikin 'yan kwanaki. In tana ƙyaftawa, ki rage gudu ki nemi wurin tsayawa. Jar fitilar bakin mai kuwa ba a yi mata ko kilomita ɗaya, a kashe inji nan take.

Game da tsoron cuta, ki ce a rubuta miki aikin da kuɗinsa kafin a taɓa motar, ki ce a ajiye miki tsofaffin kayan da aka cire ki gani. Bakanike mai amana ba ya jin haushin wannan, ni daɗi ma nake ji. Ba dole ki yi duka a wata ɗaya ba. Birki, taya da bel su ne gaba. Ki sayi ƙaramin littafi ki ajiye a aljihun dashbod, duk abin da aka yi ki rubuta rana da kilomita.

Tambaya: Gilashina yakan yi hazo ta ciki, ta waje kuma ƙanƙara. Zan iya watsa ruwan zafi?

Amsa: A'a, Malam, gilashin zai iya darewa, musamman in akwai 'yar tsaga da tsakuwa ta yi. Ka kankare da abin kankara na roba. Kada ka kunna waifa tana manne, robar za ta yage ko injinta ya ƙone. Ruwan wanke gilashi ka zuba na hunturu, wanda aka rubuta yana jure 20 ƙasa da sifili ko fiye, ka fesa har sai tsohon ya fita daga tiyo. Hazon ciki kuwa, ka kunna AC tare da hita, ka juya iskar zuwa gilashi, ka kashe maɓallin da ke maimaita iskar ciki. AC yana tsane damshi. Ka kakkaɓe dusar takalmi kafin ka shiga. Dusar kan rufin mota ma a share ta duka, don in ka taka birki za ta zubo ta rufe maka gani.

Tambaya: Motata ta dizal ce. Na dawo daga tafiya bayan wata biyu, ta tashi ta yi minti biyu ta mutu.

Amsa: Alhaji, ina kyautata zaton man bazara ne a tankinka. Dizal yana da kakin da ke daskarewa a sanyi ya toshe filta. Shi ya sa gidajen mai a ƙasashen sanyi ke sauya haɗi, a Jamus misali daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu man da ake sayarwa yana jure digiri 20 ƙasa da sifili. A tura motar wuri mai ɗumi ta kwana, a canza filta, ka cika da man hunturu. Kada a haɗa da fetur, injinan yau ba sa ɗauka, kuma kada a kusanto da wuta ƙarƙashin tanki. In bayan haka tana wahalar tashi da farin hayaƙi, a auna fulogin ɗumi.

Tambaya: Maigida, wanke mota a hunturu ba asarar kuɗi ba ce, tunda gobe za ta sake ɓaci?

Amsa: Ɗan'uwa, saman motar ba shi ne damuwata ba. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana maƙalewa a ƙarƙashi, a cikin lungun taya da gindin ƙofofi, ya riƙe damshi, tsatsa ta kama. Abin da na fi tsoro shi ne siraran bututun ƙarfe da ke kai man birki zuwa tayoyin baya. Na sha taɓa su da ɗan yatsa su marmashe. Ka zaɓi ranar da sanyi ya haura sifili, duk mako biyu ko uku, ka je inda ake fesa ruwa ta ƙasa. Bayan wanki ka goge robar ƙofofi ka shafa mata man silikon don kada ta manne, ka ɗan taka birki a hankali a kan hanya ya bushe. In a fili za ka kwana da ita cikin tsananin sanyi bayan wanki, kuma wurin ba gangara, ka bar ta a giya ko a P maimakon jan hambirki, don wayarsa kan daskare. In hunturu ya wuce, ka sa a ɗaga ta sama a haska fitila a bi bututun nan tun daga gaba har baya.